Ƙawar Iya ta Bangkok

A gidanmu na Kwarbai, cikin birnin Zariya, duk wanda zai yi tafiya ɗakin Iya yake shiga ƙarshe ya yi sallama. Kakata ce, ita ta haifi babana. Tun ina yaro "mijina" take ce mini, ni kuma in ce na sake ta, ta yi mini tsufa. Shekarar da zan je Bangkok wasan ya ragu. Ƙawarta ta bayan gidanmu, wadda kullum da hantsi suke raba goro ɗaya, ta rasu da damina, kuma ita ce ta ƙarshe cikin sa'o'inta. Iya takan fasa goro ta ci ɓari guda, ɗayan ya yini a bakin tabarma har ya bushe.

Tafiyar tawa ba ta masu hali ba ce. Abokina mai sarin takalma ne ya ce in raka shi lokacin hutun makaranta, in riƙo masa wasu kaya a dawowa, shi kuma ya ɗauke mini rabin nauyin jirgi. Ni malamin firamare, ko Legas ban taɓa gani ba, ai ban tsaya dogon tunani ba.

Da na durƙusa wa Iya zan yi sallama ta ce, "Ka gaishe mini da mutanen can."

Na ce, "Za su ji," na miƙe.

"Dawo nan. A bakin wa za su ji?" Ta jawo kwallarta, ta ciro ƙunshin ɗanyen ganye. Fararen goro ne manya, irin wanda ba ta ba baƙi. "Ka nemo mini tsohuwa kamata, ka durƙusa ka ba ta. Ka ce ina neman ƙawance."

Na ce, "Iya, mutanen nan ko 'zo' ba su sani ba da Hausa. Kuma ba lallai musulma ce ba."

"Na ce maka malama nake nema? Tsohuwa na ce."

A wajen su Iya ba da fatar baki ake ƙawance ba. Goro ake aikawa. In waccan ta karɓa ta ramo da wani abu, an ƙulla ke nan, sai mutuwa. Dariya na yi niyya, amma da na ga yadda ta duƙufa tana ɗaure ƙunshin sai na haɗiye.

Masaukin da muka samu a Bangkok ɗaki ne mai gadaje hawa biyu irin na makarantar kwana, cike da Turawa masu manyan jakunkuna. Abokina tun safe yake ɓacewa cikin kasuwa. Ni kuwa sai in jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli in sha, in yayyafa wa goron Iya ruwa, Turawan nan suna leƙe ta gefen ido kamar ina wani tsubbu, sannan in fita kallon gari. Zafin can ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake. Na shiga jirgin ruwan da talakawa ke hawa a babban kogin da ya ratsa garin, saboda ya fi komai araha. Na je wani wurin bautarsu, na tuɓe takalmi a ƙofa yadda kowa ya yi, na ga gunki mai ruwan zinariya a kishingiɗe, tsawonsa ya fi layin azuzuwan makarantarmu. Na hau kekensu mai ƙafa uku, irin namu sak, sai dai direbobinsu sun fi namu rashin hankali. Abinci kuwa shinkafa da ƙwai na riƙe, sai mangwaro, don ban yarda da naman ba.

Duk inda na je ƙunshin yana aljihuna, kuma gaskiya ya hana ni sakewa. Mutane suna ɗaga kai suna kallon dogayen gine-gine, ni ina sunkuyawa ina neman tsofaffi. Ta farko da na tunkara a bakin gada ta ɗauka talla nake, ta kaɗa hannu ta wuce. Wata ta miƙo mini 'yan sulalla, ta zaci bara na zo. Ranar raina ya ɓaci sosai. Na ce a zuciyata, ƙato da ni, na ƙetare duniya ana ba ni sadaka saboda rigimar tsohuwa. Abokina ya ce, "Malam, mu cinye abin nan, ka ce mata ka bayar. Wa zai tona?" Na ce ai ba ka san Iya ba, ido ɗaya za ta yi mini ta gane. Goron kuma ya fara motsewa ta gefe.

Ana gobe za mu taso na ratsa kasuwar furanni, ƙafafuna duk sun yi tsami. Can ciki na ga wata tsohuwa zaune a kan 'yar kujera, tana shirya fararen furanni a zare. Bakinta ne ya tsayar da ni: ja wur, haƙoran sun rine, tana tauna wani abu a hankali. Haka bakin Iya yake in ta ci goro da furen taba.

Na durƙusa. Tunda ba mai jin wani, da Hausa na yi mata duka: na tambayi gajiya, na tambayi gida, na ce kakata ce ta aiko ni daga Zariya tana neman ƙawance. Na nuna mata hoton Iya a waya, na buɗe ganyen da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta tofar da abin bakinta, ta ɗauki goro ɗaya, na nuna mata yadda ake fasawa. Ta gutsura, ɗacin ya kama ta, fuskar ta tattare gaba ɗaya, matan da ke gefe suka fashe da dariya. Amma ba ta tofar ba. Ta taune shi tas, ta kurɓi ruwa, ta ɗaga gira da ta ji zaƙin ya biyo baya. Ta ƙulle sauran a bakin zanenta. Sannan ta ɗauki zaren furen da ta gama, ta ɗora a kan hoton Iya, ta haɗa tafukan hannunta ta sunkuyar da kai.

Kafin in iso Zariya furannin sun bushe sun yi ruwan ƙasa, sai ƙamshin. Iya ta sansana, ta sa na ba ta labarin tun daga farko, sannan ta hau ni da faɗa: 'ya'yanta nawa, mijinta yana raye, me ke damun ƙafarta? Na ce ban sani ba. Ta ce, "Aiken namiji ke nan." Amma ta ajiye zaren a cikin kwalla, inda goron ya fito. Daga ranar in ta fasa goro takan ce, "Wannan na ƙawata ne," ta riƙe ɓarin jim kaɗan, sannan ta cinye mata. Ba a ƙara samun busasshe a bakin tabarma ba.

Iya ta ƙara damina biyu. Ranar da ta rasu, bayan mun dawo daga maƙabarta, muna zaure ana rarraba wanda zai sanar da dangin Tudun Jukun da na ƙauye. Aka ce mahaifiyata na kira. Na same ta a ɗakin Iya, kwallar a buɗe, busasshen zaren furen a hannunta.

Ta ce, "Kowa an aika masa. Ƙawarta ta can fa, wa zai gaya mata?"

Ko sunan matar ban sani ba. Na tsuguna a bakin ƙofa, kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo.