Tagogin Jirgin Kumandan

Ban taɓa ganin gulbi ba sai shekarar da aka kai ni Gaya aikin dole, lokacin yaƙin Turawa. Ni kafinta ne a Dogon Dutsi, ƙyaure nake yi da akwati, gonata kuwa tana ƙauyenmu wajen Ɗan Kassari. Da bazara gardi, wato ɗan sandan Turawan mulki, ya zo rumfata ya ce kumandan na Gaya yana neman mai aikin katako. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Na bar matata da tsohuwata, da irin gero a rumbu, ga gona ko shararta ban gama ba.

Jirgin ruwan kumandan aka kai ni gyara. Tsoho ne, na ƙarfe, an jawo shi gaɓa an tokare da gungume. A tsakiyarsa akwai ɗakin da kumandan yake zama in za shi rangadi, da tagogin madubi hagu da dama. Katakon da ya riƙe madubin ya ruɓe, in ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar dafaffen rogo. Baturen da ke kula da injin ya yi magana, tafinta ya juya mini: in gyara, za a watsa ruwa a gwada. In bai yi yoyo ba in tafi gida. In ya yi, nan zan ci damina.

Madubin ba shi da madadi, yaƙi ya tsare hanya. Kowanne na zo cirewa sai na tallafe shi da hannu biyu. Tsohon mastik, wato abin da Turawa suke liƙe bakin madubi da shi, ya bushe kamar dutse. Da wuƙa mai zafi na riƙa ɓanɓararsa kaɗan-kaɗan.

Akwai wani tsoho Basarke, cikin masuntan gulbin, da ke toshe ƙasan jirgin da kwalta. Ya ga na sassaƙa sabon katako na matse madubin tsam, yadda nake matse ƙyaure don kada rana ta sa ya yi kwararo. Ya daɗe yana kallo yana taunar goro.

"Ɗan tudu, icce nan shan ruwa shi kai. In ya kumbura, ina ka bar mishi wurin zama?"

Na ce, "Baba, in na bar fili ai ta nan ruwan zai shiga."

"To matse. Ranar da madubin ya tsage, ka aiko in zo kallon bulala."

Na warware duk abin da na yi, na rage katakon, na shimfiɗa zaren kaɗa a bakin madubin yadda ya nuna mini. Kwanaki suka tafi a banza.

Saura mastik. Bature ya ce babu, in nemi dabara. Na daka alli na kwaɓa da man gyaɗa, ya yi laushi, ya kama da kyau. Da safe na tarar ɓeraye sun lashe shi tas, har da kashinsu a bakin taga. Tsohon ya yi dariya har ya ƙware, ya ce kumandan bai taɓa samun kuku irina ba. Na sake kwaɓawa da garin ɓawon maɗaci. Ɓera ya bari, amma abin ya ƙi bushewa. Kullum in taɓa da yatsa, kullum yatsa ya fito da shaida.

Hadari kuwa ya fara haɗuwa gabas. Ba na iya cin abinci in na gan shi. Duk fatake da suka sauko daga wajenmu sai na tare su in tambaya ko an yi ruwa a Arewa. Wani ya ce yayyafi, wani ya ce garin Tibiri da ke kan hanyarmu ya sha har an fita shuka. Tsohuwata ba ta iya sunkuyo, matata kuma goyo gare ta.

Na gaji na je na ce a gwada. Tsohon ya ce in ƙara haƙuri, na ce ba ni da shi. Aka sa mutane suka ɗebo ruwa a bokiti suna sheƙawa, Bature yana ciki yana bin kowace taga da tafin hannu. Ina waje, ba na ganin komai sai inuwarsa ta cikin madubi. Ya wuce duka, sai a ta ƙarshe ya tsaya. Ya fito ya nuna mini yatsansa a jiƙe.

Taga ɗaya ce. Na roƙi tafinta ya ce masa ɗigo ne kawai, tsumma ma ya isa. Tafinta ya ce ba zai faɗa ba, shi ma yana da iyali. Na kwance tagar na sake, na zauna jiran bushewa, ruwan farko ya same ni a ƙarƙashin jirgin ina kallon gulbi yana tafasa.

Da aka sake gwaji bai yi yoyo ba, aka sallame ni, a ƙafa na taho. Tun daga Tibiri gero ya kai idon sawu a gonakin mutane. Na iske matata ta yi binne a rabin gonar tun kafin ruwa, da ɗa a bayanta, layukan a karkace, gafiya ta tone wasu. Ɗayan rabin ciyawa ce zalla. Lokacin gero ya wuce. Ko gida ban shiga ba na wuce wurin ƙanen ubana, na roƙo irin wake.