Ranar da Fasto Rediyo Ya Yi Shiru

Yayana fasto ne, kuma tun yana saurayi 'yan coci suka laƙaba masa Rediyo. Ni ƙanwarsa ce, ina da ikon faɗa: mutumin nan bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba. Ka zo masa da ciwon kai, kafin ka zauna ya zuba maka ayoyi. Ba wai mugu ba ne. Yakan tsaya a kan marasa lafiya a asibiti har ƙafafunsa su kumbura. Bakin ne dai ba ya hutawa.

Bakin nan ne ya raba shi da 'yarsa tilo. Ta haifi ɗa namiji, jaririn ya koma a ranar. Yaya ya shiga ɗakin haihuwa, ya tsaya a kanta ya ce, "Share hawayenki. Mai bangaskiya ba ya irin wannan kuka, mutane na kallonmu." Ya ɗora da wa'azi. Ta juya fuska bango. Tun daga nan ba ta sake taka gidansa ba, wayarsa ma ba ta ɗauka. Shi kuwa ya nace shaiɗan ne ya shiga tsakaninsu.

Da furfurarsa ya koma makaranta yin digiri na biyu, inda ake haɗa ilimin tauhidi da ilimin halayyar ɗan Adam, don a koyi zama da masu damuwa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Yaya, kai za a koya wa ba da shawara? Ai sai dai a rage maka."

Wata rana da la'asar ya shigo shagon ɗinkina, ya ture yadi gefe ya zauna a benci. Bai ce uffan ba. Na gama hannun riga, na sake zare, har yanzu shiru. Na zaci mutuwa aka yi.

"Yaya, lafiya?"

Da ƙyar ya ba ni labari. A ajinsu akan ajiye kujeru biyu suna kallon juna, ɗalibi ɗaya ya faɗi damuwarsa, ɗayan ya gwada saurare, malama tana gefe tana lura. Ranar aka sa shi a kujerar mai damuwa, aka ce ya faɗi wani rashi na gaske da ya taɓa yi. Ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa "jikana". Bai taɓa kiran jaririn haka ba. Hawaye suka zubo masa. Wanda aka sa ya saurare shi wani matashin fasto ne da ya taso a hannunsa. Sai matashin ya dafa masa gwiwa ya ce, "Baba, share hawayenka. Mai bangaskiya ba ya irin wannan kuka."

"Ji na yi kamar in shaƙe shi," in ji Yaya. "Sai na tuna a bakina ya koya."

Na saki almakashi, na bar baki buɗe. Tunda nake ban taɓa ganin yayana ya tsorata da kansa ba.

Ya roƙe ni in raka shi gidan 'yar. Ta buɗe ƙofa, ta gaishe ni, shi ko kallo bai ishe ta ba. Muka zauna a falo. Ina ta jiran aya ta fito, ba ta fito ba. Fanka na ta juyawa a samanmu.

Can ya ce, "Ban taɓa tambayarki ba. Da wa ya yi kama?"

Sai a lokacin ta kalle shi.

"Da kai, Baba. Na so ka ɗauke shi ka gani, amma kana ta magana har suka fita da shi."