Takalman da Baba Bai Taɓa Takawa Ba

Jiya na ga takalman kambas na Baba rataye a zaure, tuwo ya fita raina, ni da ko zazzaɓi ba ya raba ni da akushi.

Razdan, Baturen mulki, shi ne ya ba shi su, ranar da ya cinye tseren rabin mil ba takalmi. Baba mutum ne da in ya taso daga Faskari, inuwarsa sai la'asar take isowa Ƙanƙara. Bai taɓa sa su ba. Yakan ce, "Ba a taka kyauta."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce, "Ɗana, sa mini su, in ji abin da na ciwo."

Ƙafafun sun kumbura. Na tura, na tura, suka ƙi shiga. Ya juya fuskarsa bango.

Allah ya sa ya ƙetare siraɗi da gudunsa na da.