Yatsun Baba Uku

Mahaifinmu bai taɓa jefa raga a ruwa ba, amma duk masuncin da ke tsakanin Haɗeja da Guri ya san kaurin yatsunsa fiye da nasa na kansa.

Da tallan bandar kifi ya fara a tasha, ya zama mai loda kwali-kwali zuwa Kudu, daga baya dillalan kifi suka naɗa shi shugabansu. Doka ɗaya ya kafa: kada a kama 'ya'yan giwan ruwa, a bar su su girma. Shi bai san ma'aunin Bature ba. Sai ya haɗa yatsunsa uku ya zura a idon raga. In sun wuce, madalla. In sun maƙale, a yanka ragar, ko kuwa babu dillalin da zai taya kifinka.

To, da ya kafa dokar siriri ne kamar gora. Sai Allah ya buɗa masa. Wuya ya yi kauri, tumbi ya fito, yatsu suka bi sahu. Ragar da ta wuce bara, bana ta maƙale. Masunta suka shiga uku! In azumi ya zo sai su yi ta murna, wai ko zai zabge, shi kuwa Baba a azumi yake ƙara kumari.

Bayan rasuwar Innarmu ni na riƙe masa tukunya, ni kuma na zama abin kamun ƙafa. Akwai wani tsohon masunci daga Guri, mai bakin tsiya, wanda Baba ya yanke wa raga ya fi a ƙirga. Ya tare ni a zaure ya ce, "'Yata, don girman Allah ki rage man shanu a miyar nan. Ke kina zubawa a nan, mu muna sayen zare a can."

Na ce, "Baba tsoho, ai ci da ƙoshi ba laifi ba ne."

Ya ce, "Ƙoshinsa yunwarmu!"

Na kwashe duka na faɗa wa Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce in ƙaro malmala.

Zagi kam ya sha. Amma shekarun nan ne aka dawo ana fito da giwan ruwa irin wadda sai ƙato biyu sun ɗauka, har masu zagin suka yi rufin kwano.

Sai ciwon suga ya kama shi. Likita ya hana tuwon shinkafa, ya hana fura da zuma, ya hana duk abin da Baba ke kira abinci. Abin da masunta suka roƙa shekara da shekaru, ni na aiwatar da hannuna, ina yi ina jin haushin kaina. Kafin damina ta zagayo riga ta yi masa yawa, zoben azurfarsa sai da na naɗa masa zare. Masu saƙa suka ji labari, idon raga ya fara tsukewa. Ba ciwon ne ya dami Baba ba. Ya kan kalli hannunsa ya ce, "Za su cinye kogin nan tun yana jariri."

Ranar duba raga ya nace sai ya je, na riƙe shi muka sauka bakin ruwa. Na farko a layi tsohon nan ne na Guri, da sabuwar raga mai ido kamar rariya, yana washe baki. Baba ya haɗa yatsu uku ya zura. Suka wuce sulluɓ, har da saura. Doka ta ba tsoho gaskiya, kowa ya gani.

Tsohon bai kalli ragar ba. Hannun Baba ya tsura wa ido, ƙashi da fata. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Ya ce, "Alhaji, ba su shiga ba."

Baba ya ce, "Kai, tsoho, sun shiga mana."

"Na ce ba su shiga ba! Ni zan faɗa maka, ni da na san yatsun nan shekara da shekaru?"

Ya zaro wuƙa daga ƙugu ya farke ragarsa da kansa, ya juya ga na bayansa ya daka tsawa, ya ce kowa ya tafi ya saƙo irin ta bara. Ni dai na kau da kai, don kuka ya zo mini.

Baba bai ga wata daminar ba. Har yau a bakin kogi in za a gwada raga, sai a nemo wanda ya fi kowa kaurin hannu a wurin, a ce masa, "Zo ka ara mana yatsun Alhaji."