Ranar Da Inna Ta Ƙi Ni A Gaban Alƙali

Ko tsufa ya sa na manta sunana, ba zan manta ranar da aka kai ni kotu neman mai ni ba.

Ni 'yar fari ce, kuma a ƙauyenmu na bayan Tsanyawa uwa ba ta kallon 'yar fari, balle ta kama sunanta. Ana yaye ni Goggo, yayar babana, ta goya ni ta tafi. Ita ta raine ni, ita ta dake ni, har bayan rasuwar Baba. Inna kuwa in mun haɗu a hanyar gona, sai ta tsura wa dawa ido kamar ranar aka halicce ta.

Da na gama firamare na sami gurbi kyauta a makarantar kwana. Sharaɗinsu ɗaya: takardar kotu cewa Goggo ce mariƙiyata da yardar mahaifiya, kafin Juma'a. Goggo ta ce, "Shekara goma ina cire mata ƙwarƙwata, ashe duk a banza tunda babu hatimi."

Ranar Alhamis muka gurfana. Alƙali ya dubi Inna ya ce, "Baiwar Allah, wannan 'yarki ce?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta nuna Goggo. "'Yar Yaya ce."

"Wa ya haife ta?"

"Allah ne ya kawo ta."

"Duk nan shi ya kawo mu. Ta hannun wa?"

Inna ta ƙara jan mayafi. Goggo ta zungure ta har sau uku, amma ko turmi ya fi ta motsi. Alƙali ya ce ba zai sa hannu ba sai uwa ta amsa, mu dawo bayan sati biyu. Ina kallo yana rufe fayil da makarantata a ciki.

Sai na ɗaga hannu. "Allah ya gafarta Malam, a daina wahalar da matar mutane. Tsinto ni aka yi ranar kasuwa a cikin kwandon tattasai. Ni ban ma san ta ba."

Inna ta yaye mayafin. "Ke marar kunya! Kwana biyu ina naƙudarki da wannan ƙaton kan naki!"

Alƙali ya ce, "Magatakarda, rubuta. Ta amsa."

Goggo ta sami takardarta, ni na sami ranƙwashi biyu a bakin kotu. A mota Inna ta koma kallon dawa. Amma da na buɗe akwatina a makaranta, na tarar da ƙullin ƙuliƙuli irin wanda ita kaɗai ke zuba wa citta. Har yau ta dage ba ta san wanda ya sa shi ba.

Abin da na koya shi ne, mai riƙonka da mai kunyarka duk sonka suke yi. Sai dai ɗaya tana buƙatar hatimi, ɗayar kuma sai ka ɓata mata rai take furtawa.