Ranar da Ƙafafun Inna Suka Ƙi Ɗaukarta

Shekara talatin da huɗu Inna ta yi tana aiki a ɗakin wankin wani asibiti. Ita ke turo amalanken zannuwan gado daga ɗakunan marasa lafiya, ta loda su a inji, ta kwashe jiƙaƙƙu ta kai shanya. Abokan aikinta Jirgi suke ce mata, don in ta taho da amalankenta a baranda, har likitoci sai sun raɓe a jikin bango.

Bayan ta yi ritaya, mijinta kuma ya rasu, sai autarta ta ɗauko ta zuwa gidanta, a saman wani bene. Auta akwai tausayi, har ya so ya yi yawa.

"Inna, don Allah ajiye tsintsiyar nan. So kike a ce bauta na kawo ki?"

In ta nufi kicin a tare ta. In ta ce za ta sauka ƙasa ta miƙe ƙafa, a ce matakalar da santsi. Surukinta ya sayo mata kujera mai laushi, irin wadda mutum ke nutsewa a ciki, aka ajiye gaban talabijin. Wata tara Inna na cikin kujerar nan. Tun tana tashi da kanta, har ta koma sai an miƙo mata hannu. Ba wanda ya ga aibun haka, har ita kanta.

Wata Asabar da hantsi mai kawo gas ya yi hon a ƙasa. Auta ta sauka da sauri, ta bar ƙofar falo a buɗe. Jikar Inna, 'yar wata goma, wadda take kira uwar ɗakina, tana wasa da murfin kwano a kan darduma. Murfin ya gangara ya fita ƙofa, Inna ta ji ƙararsa yana dukan matakala ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta yi dariya, ta bi shi da rarrafe.

Daga ƙofar zuwa bakin matakala taku biyu ne. Matakala goma sha bakwai, siminti zalla.

"Ke! Uwar ɗakina, dawo nan!"

Ko waiwaye. Inna ta dafa hannun kujera ta yunƙura. Gwiwoyinta suka karkaɗa, ta koma jagwab. Ta sake yunƙurawa, ta sake komawa. Ta ƙwala wa Auta kira, amma ƙarar motar mai gas ta haɗiye muryarta. Yarinya ta riga ta tsallake ƙofa.

Sai Inna ta zame daga kujerar da gangan, ta faɗo ƙasa ta gefen ƙugu. Zafi ya ratsa ta har ƙeya. Ta riƙa jan jiki da gwiwar hannu, tana salati, zaninta na harɗe mata ƙafa. Tana isa ƙofa ta ga hannun yarinyar ɗaya yana lalube a iska, kanta ya riga ya leƙa ƙasa. Inna ta miƙa hannu iya tsawonsa ta cafko idon sawunta.

Haka Auta ta hawo ta same su: yarinya na tsala kuka, Inna kwance rub da ciki, ta kasa ko ɗaga kai. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunta daga ƙafar yarinyar.

Kwana uku, da Inna ta ji abu ya faɗi sai ta zabura. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ba karaya.

"To me ya sami ƙafafuna, ɗan nan? Ni fa da gudu nake tura amalanke."

"Zama ne, Mama. Naman jiki in ba a sa shi aiki sai ya saki."

Auta ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Likita ya koya wa Inna ta zauna a kujerar katako ta tashi ba dafawa, sau goma. Ranar farko uku ta yi, zufa ta jiƙa ta sharkaf. Matakalar ce babban tashin hankali. Da ta tsaya a bakinta sai jiri ya ɗebe ta. Sai da ta yi sati biyu kafin ta sauka uku, surukinta na gaba yana tafiya da baya, hannuwansa a buɗe. A wata na huɗu ta taka ƙasa da kanta.

Yanzu shekarunta sittin da tara. Kullum da safe takan taka zuwa kasuwa ta dawo da kwandon kayan miya, ita ke kai jikar makarantar raino, ciwon bayan da ya fara damunta ma ya tafi. Tsoron ne dai bai gama barinta ba. Ko mura ta kwantar da ita yini ɗaya, washegari da sassafe za ka gan ta tana zagaye falo, tana taɓa gwiwoyinta tana sauraron abin da za su ce.