Shanu Biyar da Ƙullin Taru

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar buɗe ruwa ta shekarar da na shiga sana'ar su ba. Tun safe nake jin ku kuna yi wa mutumin nan da ya zo muku daga Safo dariya, wai hannunsa ba ya jin magana. To ku ɗan ajiye gyaran tarun, ku saurari na wanda ya fi shi.

Shekara ta biyu ce bayan ciwon nan da ya share shanun ƙasar nan, tun Nasara bai leƙo mu ba. Ni ba ɗan masunta ba ne. A Gabi aka haife ni, kiwo kuma na tashi ina yi wa wani mai hali. Ina da wajen shekara talatin, da matata Kande da ƴaƴa biyu, ciwon ya shigo, garken ya kwanta gaba ɗaya a gaban idona. Gonata ƴar mitsitsiya ce, geron da na samu ko tsakiyar rani ba zai kai mu ba. Kawuna ya kama hannuna ya kawo ni nan Madarumfa gaban Sarkin Ruwa, ya roƙa a sa ni cikin ƴan taru.

Akwai abin da kawu bai faɗa wa Sarki ba. Tun ina yaro hannuwana da ƙafafuna ba sa bin abin da kaina ya ce musu. Ba wauta ba ce, ba shan inna ba ne, idona kuma garau. Amma dokin ƙofar da na tsallaka sau dubu zai iya kayar da ni gobe. In aka ce in yi dama, sai na tsaya na tuna hannun da nake cin tuwo da shi. In aka nuna mini aiki mai hawa uku, kafin a kai na ukun na farkon ya gudu. Na sha rubutu wurin malam, na sha hayaƙi wurin boka, ba abin da ya sake. Ƙwaryar da na fasa a gidanmu ta sa aka laƙaba mini Maiɓari. Kiwo ne ya rufa mini asiri, domin saniya ba ta gaggawa kuma ba ta dariya. Ko igiyar maruƙa Kande ce ke ɗaure mini.

Ga yadda aikin yake a wancan zamani. Daga faɗuwar damina Sarkin Ruwa ke rufe tafki, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya sa, bayan an gama kai amfanin gona gida kuma ruwa ya ja baya. A ƙarƙashinsa akwai uban taru, shi ke da iko da babbar ragar da mutanenta. Sai masu gora, waɗanda ke kifa ciki a kan babbar gora su ja ragar zuwa tsakiya, sai mu masu ja daga gaɓa. Tarun ya fi ƙarfin ɗauka a haɗe, saboda haka rabi biyu ne, a cikin ruwa ake haɗa shi. Ƙwararru ke ɗinke ragar, amma uwar igiyar sama, wadda duk nauyin ja ke kanta, ƙulli ɗaya ne ke riƙe da ita. Al'ada ta ce in akwai baƙo a shekarar, shi zai ɗaure wannan ƙullin da hannunsa don ruwa ya san shi. Ba a taɓa masa, ba a nuna masa da hannu, ba a ce masa saka nan ko zaro can. In ya riƙe, baƙo ya samu kaso har ƙarshen lokacin kamun kifi. In ya kwance, tarun zai buɗe a tsaka kamar ƙofa, kamun farko na gida talatin ya tafi, baƙo kuma ya naɗe tabarmarsa.

Ni kaɗai ne baƙo a shekarar, saura wata guda a buɗe ruwa.

Uban tarunmu Baba Tanko ne, wani gajeren dattijo mai faɗan tsiya, wanda yatsunsa ke ƙulla igiya yana kallon wani wuri. Ranar farko ya tsaya a gabana da bakin igiya biyu.

Ya ce, "Duba nan. Haka, sai haka, shi ke nan."

Na duba. Na ga igiya biyu, na ƙifta ido, na ga ƙulli.

Na ce, "Baba, a ƙara mini."

Ya kwance, ya sake. "Haka, sai haka. Mi ya yi wuya a nan?"

Wannan "haka, sai haka" ita ce ta fi komai ƙona mini rai a duniya. Kowa a bakin tafkin nan malami ne, kowa kuma karatunsa ke nan. In na ce ban gane ba, sai a maimaita mini da sauri fiye da na farko, a ƙara da ɗaga murya, kamar kunnena ne ke da laifi. Ga shi suna fuskantata, damarsu hagun ɗina ce, kaina ya ƙara ɗaurewa.

Sauran aikin ma bai bar ni na huta ba. Aka ce in gwada gora, na hau ta wannan gefe na sauka ta wancan, na sha ruwa na ƙoshi. Aka ba ni kwandon dunƙulen yumɓun da ake rataya wa ƙasan raga don ta nutse, na yi tuntuɓe da saiwar da kowa ke tsallakawa, rabi suka farfashe. Na taka raga na yaga. Baba Tanko ya daina kiran sunana, sai dai ya ce, "Ku janye kaya, ga mutumin Gabi nan tahe." Ina jin haushinsu, ina jin haushin kawu, amma haushin hannuwana ya fi, har nakan kalle su in ce, wai ku na wane ne?

Abin da ya ƙarasa ni, wata rana Kande ta kawo mini fura, ta tarar Baba Tanko na yi mini "haka, sai haka". Sau ɗaya ta gani. Da na koma masauki da la'asar sakaliya, na same ta ta ɗaure ƙullin a jikin igiyar guga, tsaf, tana jan ruwa da shi. Na zauna a kan turmi. Da na leƙa tukunya kuma na ga dusa ta fi gero yawa a kunun yara.

Na ce, "Gobe zan ce wa Sarki ya nemi wani. Gara in tahi da kaina da a kore ni gaban jama'a."

Ta ce, "Ka tahi ina, Maigida? Rumbu ya kai ƙasa." Sannan ta ce, "Ni abin da ke ba ni mamaki, kai da ba ka taɓa mance wadda ke bin wata ba in shanu za su hita garke. Ƙullin nan hawa biyar ne hwa kacal."

Ta zo ta zauna a gefena, kafaɗa da kafaɗa, ba a gabana ba, ta yi ƙullin a hankali kamar mai tsinke ƙaya. Ranar ce na fara ganin abin da igiyar ke yi. Sai na ga tana lanƙwasawa ta kewayo, na ce wannan ai Guzuma ce, tsohuwar saniyar da ba ta fita sai ta kewaya turke. Bakin ɗayar ya kutsa ta ƙasa, na ce Kyalla ke nan, mai bi ta ƙarƙashin shinge. Ya zaga ta baya, Toka ce, mai laɓewa bayan ƴan'uwanta. Ya haura ta sama, Wake ce, mai tsallake kwatami. Ya dawo ya shige inda ya fito, Auta ce, wadda ba ta nisa sai ta koma gindin uwarta.

Kwana uku na yi kafin shanun nan su fita a jere ba tare da wata ta bi ta kan wata ba. Daga nan ban sake rufe baki ba. Ina ɗaukar kaya ina Guzuma, Kyalla, Toka, Wake, Auta. Ina shanya raga ina yi. Ba na iya yi a zuci, sai na faɗa a fili hannun ke bi.

Baba Tanko ya gaji. Ya ce, "Kai Maiɓari, mi kake ta ƙunƙuni tun sahe?"

Na ce, "Shanuna ne, Baba."

Ya ce, "Shanun da sunka mutu? Nan wurin kihi ne. Ka ƙara kiran saniya kusa da ni, sai na jehwa ka ruwa."

Ban daina ba, na dai rage murya. Shi ma bai daina tsaki ba.

Ranar buɗe ruwa ta zo. Da hantsi gaɓa ta cika maƙil, har daga ƙauyuka an zo da jakuna da kwanduna. Malam ya yi addu'a, Sarkin Ruwa ya yi nasa abin da ya gada, makaɗa suka ɗauka. Aka shigar da rabin taru ta nan, rabi ta can, ƙwararru suka ɗinke raga, aka miƙo mini bakin igiya biyu ina tsaye ruwa iya ƙugu.

A nan na gane kuskurena. Wata guda ina koyo a zaune, a inuwa, da busasshiyar igiyar guga. Wannan kuwa igiyar rama ce mai kaurin wuyan hannu, ta sha ruwa ta yi nauyi, tana zillewa. Laka na tsotse ƙafata, ganga na dukan kaina, idon gari duka a kaina. Na buɗe baki in kira ta farko, wallahi babu ko ɗaya. Garken ya watse. Na lanƙwasa igiya, ta ware. Na sake, ɗaya bakin ya kuɓuce, na yi lalube na kamo shi. Na fara jin dariya daga gaɓa, na kuma hango Kande ta ɗora hannu a ka. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa gida talatin kamu, na kashe wa ƴaƴana tuwo.

Sai na ji wata murya mai kaushi daga gaɓa, irin kiran da makiyayi ke yi in zai kai shanu mashaya.

"Guzuuuma."

Na ɗaga kai. Baba Tanko ne, ya juya mini ƙeya, ya harɗe hannuwa a baya, yana fuskantar daji.

Makaɗa suka sassauta. Sarkin Ruwa ya ce, "Tanko, lahiya? Mi kake yi?"

Ya ce, "Shanu nike kira, ranka ya daɗe. Ko an hana kiran shanu bakin ruwa?"

Sarki ya dube shi, ya dube ni, ya shafa gemu. Ya ce, "Ban ji an hana ba."

Hannuna ya riga ya kewaya turke. Baba Tanko bai waiwayo ba, amma ya bar mini lokaci kamar yana gani da ƙeya, sannan ya ce, "Kyalla." Na kutsa ta ƙasa. "Toka." Na zaga baya. "Wake." Na haura. Ya ja numfashi, ya ce, "Auta," a hankali, ba irin muryar da yake zagina da ita ba. Na mayar da ita gindin uwarta, na ja da iyakar ƙarfina, har na faɗi zaune cikin ruwa.

Tun ranar da na binne ƙahonin shanun nan ban ji wani mahaluki ya kira su da suna ba sai ranar. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Allah ya taimake ni fuskata a jiƙe take, kowa ya ɗauka ruwan tafki ne.

Masu gora suka ja taru zuwa tsakiya, suka kewayo, muka kama ja daga gaɓa biyu. Ina ja ina kallon tsakiyar igiyar, har ragar ta iso tana tafasa da karfasa da tarwaɗa. Ƙullin bai motsa ba. A wurin jan ma sai da na taka ƙafar na bayana sau biyu, ya zage ni, ban ji zafi ba. Da azahar aka kasa kifi, Sarkin Ruwa ya nuna kashi ɗaya da sandarsa ya ce na mutumin Gabi ne. Kande ce ta ɗauka, don ba wanda ya yarda in riƙe kwandon, har da ni.

Na je na durƙusa gaban Baba Tanko zan yi godiya, ya daka mini harara.

Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Wata guda kana cika mini kunne da matattun shanu, ko barci na kwanta su nike gani. Ban kira su don kai ba, don kihina na kira su."

Kada ku ɗauka daga ranar na warke. Shekara arba'in da wani abu ina cikin aikin nan, ban taɓa zama a kan gora ta yarda da ni ba, raga kuwa kun san ba ku ba ni ɗinki. Ƙullin nan ɗaya na iya, sai sanin inda kifi ke kwanciya, wanda kallon dabba ya koya mini. Abin da na gane shi ne, masu sana'ar nan hannunsu ya riga bakinsu, sun iya abin har sun manta yadda aka yi suka iya, shi ya sa suke ganin wanda bai gane ba kamar da gangan yake yi. Ba mugunta ba ce, amma tana korar mutum da yunwarsa.

Saboda haka gobe in mutumin Safo ya zo, kada in ji wani ya tsaya a gabansa yana "haka, sai haka". Ku zauna a gefensa, ku jiƙa igiyar, ku tambaye shi aikin da yake yi kafin ya zo nan. In kun ƙi, ku turo mini shi. Shanuna biyar suna nan, zan ara masa.